Keken da Muka Haɗa a Paga

Ranar sunan jikata ta baya-bayan nan ina zaune a zaure na ji ku 'ya'yana, ku da 'ya'yan marigayi Yaya Habu, kuna ba yara labari wai Baba Habu daga Najeriya ya hau keke bai sauka ba sai Tamale. Har wani cikinku ya ƙara gishiri, wai kura ta biyo shi a hanya ya tsere mata. Ban tanka ba don akwai baƙi, amma na ce a raina, wato ina raye za a mayar da tarihin gidanmu tatsuniya? To ku kasa kunne. Ni ne na je, ni na gani, kuma bayana har yau yana tuna mini duk lokacin da hadari ya haɗu.

Ku da kuka tashi kuka tarar da unguwar Vittin ta nan Tamale cike da sababbin gidaje, kowane yaro da babur ɗinsa, ba za ku gane shekarun nan ba. Ruwa ya ƙi zuwa, wuta ta cinye daji, masara ta zama abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Babban mutum zai tuɓe riga don alwala, sai ka kawar da kai saboda ƙasusuwan wuyansa. Man fetur kuwa sai labari. Motoci suka yi layi a tasha har ciyawa ta tsiro a gindin tayoyinsu, keke ya zama sarki a Tamale, maza da mata kowa na kan nasa. Sai dai shi ma keken ba kayan gyara. Taya ɗaya sabuwa, in ka gan ta a hannun mutum, sai ka gaishe shi da girmamawa.

A cikin wannan hali aka kori baƙi daga Najeriya. Yaya Habu yana can. Kafin ya tafi shi ne mai gyaran keke na unguwarmu, a gindin bishiyar da ke bakin masallaci, kuma rabin samarin zango shi ya koya musu hawa. Ranar tafiyarsa unguwa duka ta raka shi tasha, yana ta cika baki zai dawo ya rufa wa Mma, mahaifiyarmu, ɗaki da kwano, ya kai ta Makka. Da aka fara dawowa, wasu suka sauka da katifa da rediyo, wasu da tabarma kawai a hammata, yara na binsu suna musu waƙar tsiya tun daga tasha har ƙofar gida. Muka jira. Motoci suka gama zuwa, Yaya bai zo ba, ba kuma saƙo.

Mma, kakarku, Yaya Habu ɗan fari ne a wurinta, kun san kuma yadda iyayenmu suke da ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ko kuka ba ta da izinin yi masa. Baba ya rasu tun muna ƙanana, babu namijin da zai tsaya mata. Sai ta haɗiye abin, abin kuma ya shiga cinta. Tana suyar ƙosai a ƙofar gida, in mota ta wuce sai ka ga hannunta ya tsaya a sama har ƙosan ya ƙone. Ruwa ya dawo a shekara ta gaba, kowa ya fara mayar da jiki, ita kaɗai take ƙara ramewa. Gwaggo Lami, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, ita ce bakin gidan. Ita kullum cewa take yaron ya samu mata a can ya manta da mu, a daina ɓata hawaye. Tana faɗa tana share nata da gefen zane.

Wata Bafilatana da ke kawo mana nono daga wajen Dungu ita ta fasa ƙwan. Ta ja ni gefe ta ce mijinta ya koro shanu ta Paga, garin da ke bakin iyakarmu da ƙasar Mosawa, ya ga Habu da idonsa yana ɗaukar fatu a wurin wani mahauci. Wai Yaya ta arewa ya zagayo a ƙafa da kan manyan motoci, ya shigo ƙasa, ya tsaya a nan. Ya roƙi Bafilatanin don Allah don Annabi kada ya faɗa wa kowa. Da na ji, farin ciki da haushi suka taso mini tare, na rasa wanda zan fara. Mutum yana raye, yana cikin ƙasarsa, uwarsa tana mutuwa a tsaye, shi yana can yana jin kunya!

A lokacin ina cikin ƙungiyar masu keke ta unguwarmu. Shugabanmu Masta Seidu ne, tsohon malamin makaranta, mutumin Dagomba daga Nyanshegu, doguwar magana ba ta dame shi ba. Duk bayan girbi yakan ɗebi samari mu yi doguwar tafiya mu dawo, wai don kada zaman banza ya lalata mu. Ranar dawowa kuwa biki ce: mu shigo gari a jere muna buga ƙararrawa, mata na guɗa, yara na gudu a gefenmu. Saboda rashin kayan gyara, Masta ya kafa doka. Kowane mahayi zai ɗauki abu ɗaya na ajiya a madadin kowa: wannan sarƙa, wancan feda, wani sirdi, wani birki, wani wayoyin wili, wani boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan na cikin wili, a cikin gwangwani. Abin da ka ɗauka ba naka ba ne, amana ce, kuma ba a taɓa shi sai da yardar wanda ke riƙe da shi. Na je na sami Masta na faɗa masa komai, na roƙi a yi Paga a wannan shekarar. Ya tambaye ni da Hausarsa ta Dagombawa da ba ta raba mace da namiji:

"Mma naka ya sani?"

Na ce ba ta sani ba, ba kuma zan faɗa mata ba, kada in ɗaga mata rai in dawo hannu biyu. Ya ce to, Paga za a je.

Ban faɗa ba, amma uwa ba a ɓoye mata. Da safen tafiya ta ɗaure mini garin rogo da ƙuli-ƙuli a kariyar bayan keke, ƙunshi biyu maimakon ɗaya. Ni kuwa ban tambaye ta na waye na biyun ba.

Ba zan cika ku da labarin hanya ba. Mun bi ta Savelugu, Walewale, Bolga, Navrongo, muna kwana a masallatai da makarantu, titi duk ramuka, gindi duk ƙuraje. Muka isa Paga da la'asar, washegari kuma ranar hutu ce, rana ɗaya tak kafin mu juyo. Ita ke nan abin da nake da shi.

Ni da na so, da asuba zan faɗa kasuwa in cafko shi a wuya. Masta ya ce in na yi haka zai tsallaka iyaka, daga nan sai dai mu ji labari. Baƙo a zango yana ƙarƙashin mai gidansa ne, ba a shiga masa ta taga. Haka muka sayi goro muka fara gaida sarkin zango, shi ya haɗa mu da wanda ya kai mu gidan mahaucin, wani dattijo Alhaji Bukari. Aka zauna aka yi ta gaisuwa, ina gajiya, ina mutanen Tamale, yaya aka ji da yunwar bara, ni kuwa duk na ƙosa. Sai da aka fasa goro Masta ya faɗi abin da ya kawo mu. Alhaji ya ce ai ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya ce yaron ba ya sata, ba ya shaye-shaye, ba ya fashin salla, amma duk ranar da motar Tamale ta tsaya a kan iyaka sai ya shige ɗakin fatu ya rufe ƙofa. Ya aika aka kira shi.

Wallahi da a hanya muka haɗu da na wuce shi. Mutumin da ya tafi da agogo da takalmi mai tsini, ga shi da riga ta yage a kafaɗa, ƙafa duk kaushi, yana warin fata. Ya gan ni ya tsaya cak. Duk faɗan da na tanada tun daga Tamale ya gudu, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda ƙane ke yi, muka rungume juna muna kuka a gaban mutane. Amma da aka zo maganar gida sai ya dake. Alhaji ya yi magana, Masta ya yi, na faɗa masa halin da Mma take ciki ban rage komai ba. Ya saurara kansa a ƙasa, sannan ya ce:

"Karimu, unguwa duka ta raka ni. In sauka a tasha da tabarma, in taka daga nan har ƙofar gida, yara na bina da waƙa, Mma tana zaune tana kallo? Ka bar ni in samu ko abin rufe fuska tukuna."

Na ce kafin ya samu abin rufe fuskar za a rufe Mma da ƙasa. Baƙar magana ce, na sani, kuma ban janye ta ba har yau. Ya tashi ya koma ɗakin fatunsa.

Muka fito tsakar gidan Alhaji inda sauran 'yan ƙungiya suke. Al'adarmu ce ranar hutu a shimfiɗa tabarmi, kowa ya ajiye amanarsa a duba, a wanke sarƙoƙi, a yi faci, a shanya riguna. Wasu sun tafi kallon kadojin garin da mutanen wurin ba sa kashewa, sun dawo suna ta gardama kan wanda ya fi tsoro. Ni ina zaune kamar an yi mini mutuwa. Sai na ga Masta ya tsaya yana kallon rumfar awaki. Can a sama, a rataye, akwai gangar jikin wani tsohon keke, duk tsatsa da kashin kaji: wili biyu a lanƙwashe, ba sarƙa, ba sirdi, ba feda, tayar baya da sauran rai, ta gaba kuwa ta tsage kamar tsohon takalmi. Ya dubi keken, ya dubi tabarmin kayanmu, ya dube ni. Ya ce mutumin nan ba gida yake tsoro ba, hanyar tasha zuwa gida yake tsoro. Wanda ya shigo gari a cikin jerinmu kuwa, ba waƙar tsiya ake masa ba, guɗa ake masa.

Alhaji ya ce keken na ƙanensa ne da ya rasu, mu ɗauka halak malak. Saura yardar masu amana, kuma ba ƙaramin abu aka roƙe su ba: mu koma Tamale ta wannan mugun titi ba kayan ajiya ke nan. Masta ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai sarƙa ya ce Yaya Habu ne ya riƙe masa sirdi ranar da ya fara hawa, ya tura tasa gaba. Mai feda ya tura, mai birki ya tura, mai sirdi ya tura. Aka zo kan Fusaini, wani ɗan tela mai taurin kai, shi ke riƙe da sabuwar taya da tub, abin da ya fi komai daraja a cikin kayan. Ya ce a'a. Ya ce sarƙa in ta tsinke ana ɗaure ta da waya, feda in ta karye ana sa itace, amma taya in ta fashe tsakanin Bolga da Walewale, mutum ya zauna ke nan a daji. Ya ce amana aka ba shi don mu duka, ba don mutum ɗaya ba.

Kai, na tashi kamar zan cinye shi ɗanye. Na kira shi marar imani, na kira shi abin da ba zan rubuta ba tunda jikokina za su karanta. Bai ko ɗaga murya ba, ya rungume tayarsa. Masta ya ce doka doka ce, Fusaini ya ƙi, magana ta ƙare. Kuma ku rubuta ku ajiye, Fusaini ne mai gaskiya, za ku ji dalili.

Na zauna ina huci ina kallon kekena. Tayar gabana lafiyayya ce, ita ba amanar kowa ba ce, tawa ce. Na kifar da keken na ɗauki sufana na fara kwancewa. Aka tambaye ni da me zan hau. Na nuna tsagaggiyar tayar rumfar awaki na ce da waccan, a cusa mata ciyawa da tsummoki, ai mun ga manoma na yi. Masta ya ce manoma gona suke zuwa, ba Tamale ba. Na ce na ji.

Aka sauko da gangar keken aka kankare tsatsa da toka da yashi. Ba wanda ya sake kiran Yaya Habu, Masta ya hana. Sai dai a daidai ƙofar ɗakin fatu ya sa aka shimfiɗa aikin, kuma ya ba mafi rashin iyawa cikinmu gyaran wilin da ya lanƙwashe. Bawan Allah yana ɗaure waya nan, wili yana ƙara karkacewa can, ana ta ba shi shawarwarin banza da ƙarfi. Ina lura da ƙofar. Da farko a rufe take. Can ta buɗe kaɗan. Can sai ga Yaya a tsaye yana cije leɓe kamar mai ciwon haƙori. Da aka zo za a buga wilin da dutse, ya kasa daurewa.

"Kai, kai! Wa ya koya muku wannan ɓarna? Ba ni nan."

Ya karɓi wilin ya ɗora a gwiwa. Hannun da ya shekara yana jan fatu bai manta komai ba. Yana juyawa yana ɗaurewa yana mana faɗa, wai an bar unguwa a hannun jakuna. Muka yi ta miƙa masa kaya, mai boris ya miƙa, mai sarƙa ya miƙa. Bai tambayi na waye keken ba, ko kuma ya sani ya ƙi tambaya. Sai da ya ce a ba shi tayar gaba, na miƙa masa, ya waiga ya ga kekena a kife ba taya, ga kuma Fusaini, Fusainin da na zaga, zaune a ƙasa yana danna ciyawa cikin tsohuwar tayar da kan muciya, yana ɗinke tsagar da zaren buhu irin ɗinkin tela. Yaya ya dubi tayar da ke hannunsa. Ya tambaye ni ko na san abin da wannan za ta yi wa bayana. Na ce na sani.

"Kai dai tun kana yaro ba ka jin magana," ya ce. Sannan ya dubi Masta. "Yaushe ake tashi?"

Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Alhaji Bukari ya sa aka gasa mana nama, rabona da nama tun kafin yunwa. Ya ba Yaya riga mai kyau da hula, ya ce ba sallama ba ce, aro ne, ya dawo da su da kansa ya kawo masa labarin mahaifiyarsa. Yaya ya hau keken ya zagaya tsakar gida, awaki na watsewa, mu muna tafi. Keke ne mai ban dariya, kowace gaɓa daga gida daban, amma ko ƙara ba ya yi.

Hanyar dawowa ita ce kuɗin da na biya. Tayar ciyawa ba ta san tausayi ba: kowane dutse sai ya bi ta hannu ya hau kafaɗa ya sauka a ƙugu. In an ɗan yi tafiya ciyawar ta murƙushe, sai a tsaya a sake cusawa. Tafin hannuna ya fashe, na naɗe shi da tsumma. A kan tudu Fusaini yakan matso ya dafa bayana ya tura. Yaya ya nemi mu yi musaya ya fi a ƙirga, na ƙi, don na san shi, in ya sha wannan azaba zai samu hujjar tsayawa a wani gari. Kafin Walewale kuma tayar Masta ta yi bindiga a tsakiyar daji, ta dare gida biyu, ba gari gaba ba gari baya. Fusaini ya kwance amanarsa ya miƙa, bai ko kalle ni ba. Da na ci nasara a kansa a Paga, da dattijon nan a ƙafa zai ƙarasa. A wurin na ba shi haƙuri, daga ranar kuma har ya bar duniya ba ni da aminin da ya kai shi.

Da muka hango Tamale, Masta ya tsayar da mu muka wanke fuska muka gyara jeri. Ya sa Yaya a gaba, kusa da shi. Yaya ya gyara hularsa ya taka feda. Aka fara buga ƙararrawa, yara suka fito da gudu, mata suka leƙo. Wata tsohuwa mai sayar da koko ita ta fara gane shi, ta ajiye ludayi ta rangaɗa guɗa tana kiran sunansa. Kafin mu kai masallaci unguwa ta ɗauka: Habu ya dawo, Habu ya dawo da 'yan keke! Maza na miƙo hannu, yara na rige-rigen taɓa kariyarsa. Ba wanda ya dubi abin da ya ɗauko, don duk cikinmu ba mai ɗauke da komai sai ƙura. Ni ina can ƙarshen jeri ina ƙwanƙwasa titi da tayar ciyawa, hawaye na zuba, ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba, ko ranar aurena.

Gwaggo Lami ta tare mu a zaure, tana dukan ƙirjinsa tana zaginsa tana kuka. Mma ba ta fito ba. Tana tsakar gida a gaban murhu, ta ba ƙofa baya, tana tuƙa tuwo. Yaya ya cire hula ya durƙusa a bayanta. Mutanen da suka biyo mu suka tsaya a zaure.

"Mma, na dawo," ya ce. "Ban kawo komai ba."

Ba ta juyo ba. Ta ja gefen mayafi ta goge fuska, sannan ta yi magana da ni, kamar yadda ta saba in tana da saƙo gare shi.

"Karimu, gaya wa yayanka ni ban aike shi sayayya ba. Ku wanke hannu."